Lambar da Ban Ɗaga Ba

Cikina yana wata takwas aka kama mijina a Madinar Masana'antu, unguwar masana'antun Jidda, shi da wasu 'yan dako, babu mai iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya, a cikinsu. Tun ranar wayarsa ta daina shiga. Ni ma da umara na shigo na maƙale, don haka ba ni da bakin zuwa ko'ina in tambayi inda aka kai shi. Na tattara 'yan kayana na koma gidan gwaggona a unguwar Madain Fahd. Haifaffiyar Jidda ce, takardunta cikakku, dokokinta kuma sun fi takardun yawa. Kada in leƙa taga. Kada in yi kuka maƙwabta su tambayi wace ce. Kada in kuskura in ɗaga lambar da ban sani ba, domin a cewarta da irin wannan kiran ake gano gidan da aka ɓoye mutum.

'Yarta ce ta koya mini kallon finafinan tsoro na Koriya da Tailan, irin waɗanda ake haɗa gajerun labarai uku ko huɗu a fim ɗaya. Bayan azahar sai ta saki labule, ta ƙure sanyin ɗaki, tana karanta fassarar Larabci tana juya mini da gurguwar Hausarta. Da farko tashin zuciya suka sa ni. Akwai wani tela da ya ɗinke idanun matarsa da jan zare, na yini ban iya cin abinci ba. Amma ban daɗe ba na gane abu guda: kuka aka hana ni a gidan nan, ihun fim kuwa maƙwabta sun saba da shi. Sai in ƙwalla ihu iyakar ƙarfina, hawaye su biyo baya, gwaggo tana kicin tana dariya tana cewa ba ta taɓa ganin matsoraciya irina ba. Kuma tsoron nasu yana da iyaka. Rabin awa kowa ya mutu, allo ya yi baƙi, a shiga wani labarin. Nawa da shi nake kwana, da shi nake tashi.

Rana ta tara da kama mijina, muna tsakiyar labari na biyu, wayata ta yi haske a kan cinyata. Lambar Saudiyya ce, ban san ta ba. Na dubi 'yar gwaggo, ta girgiza kai.

"La, Yaya, kar ki ɗauka. Mama ta ce mamnu', an hana, halas."

Na zuba wa wayar ido har ta tsinke. Aka sake kira, aka kuma. Ɗan cikina yana ta harbi, wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na kifa wayar a kan kafet, na mayar da idona kan allo.

Bayan kwana shida mijina ya kira ni da lambar ƙaninsa, daga Kano. Ya ce a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida, wani Bayamale, ɗan ƙasar Yaman, ya ara masa waya na 'yan mintuna. So yake ya ce in miƙa kaina, in faɗa musu ni matarsa ce, ko Allah zai sa a haɗa mu jirgi ɗaya tun ana barin mai ciki irina ta hau. Yanzu ga watan haihuwa ya kama. Ba jirgin da zai ɗauke ni, ba ni da takardar shiga asibiti, shi kuma an ɗauki hoton yatsunsa, ba shi ba dawowa. Ina riƙe da wayar na zauna a ƙasa.

"Sau uku na kira ki," in ji shi, muryarsa duk ta dushe. "Kina ina?"

Na ce masa salla nake yi. Har yau haka ya sani.