Dala Mai Ƙaho Huɗu

A unguwarmu nan Matameye, rabin mazan da ke taƙama da gemu yau ta hannun Inna Hajara ungozoma suka faɗo duniya, kuma ba ta barin su manta. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata ɗa guda, Hashimu, da turmi mai tsaga. Da karɓar haihuwa ta yi rainon yaron har ya zama ɗan kabu-kabu.

Kayan aikinta ba yawa, amma a ciki akwai wata dala, ƙwandalar sefa ɗin nan ja ta tamma biyar da ko mai goro yake yatsina fuska in an miƙa masa. Gefe guda akwai wani abu mai haƙora, Hashimu ya ce kifi ne, ita ta ce matsefi ne, don ba ta taɓa ganin kifin da ya yi kama da abin tsefe kai ba. Ɗaya gefen kan barewa ne. Sai dai tata barewar ƙaho huɗu gare ta, kamar injin ya buga ta sau biyu. Jaririn da cibiyarsa ta turo, sai ta naɗe dalar a tsumma ta ɗaura masa. Likita ya sha cewa cibiya da kanta take komawa. Inna Hajara ta ce shi ma da ya zo hannunta da tasa ba ta tsone riga ba.

Tsufa ya zo, farar yana ta rufe mata ido. An ce a Damagaram ana cire ta, amma da kuɗi, kuma babur ɗin Hashimu ya fi shi cin abinci. Mata suka fara janyewa, don ba mai son ungozoma tana lalube.

Wata ranar kasuwa aka kawo mata Marwan, Bakano mai sayen tsofaffin kaya. Ya juya dalar, ya ɗauki hotonta da waya, ya aika wa wani. Da amsa ta zo ya gyara zama.

"Inna, zan ba ki dala ɗari."

A wajenmu dala ɗari kuɗin mudun gero ne, shi ma in damina ta yi kyau.

"Bakano, bawan Damagaram," in ji ta, "a kan dala ɗari ka tsallako iyaka? Tashi ka ba ni tabarmata."

Marwan ya zaci tayin ne ya yi kaɗan, ya fita yana gunaguni. Da yamma ya tare Hashimu a tasha, nan ne aka gano dalar Amurka yake nufi. Hashimu ya shigo gida ko babur bai kashe ba.

"Inna, kuɗin aikin idonki kika kora, har da na mota."

"To shi bakinsa ciwo yake da ba zai ce ta Amurka ba?"

Aka yi da Marwan zai dawo kasuwa mai zuwa da kuɗin. Ya bar saƙo a ajiye masa dalar yadda take. Hashimu ya isar da rabin saƙon: a ajiye.

Ita kuwa Inna Hajara mace ce da ba ta ba baƙo ruwa a kwanon da ba a cuɗa ba. Dalar da ta sha man kaɗanya da zufar jarirai tun tana amarya, ita za a kai ƙasar Turawa haka, a ce matan Matameye ƙazamai ne? Ta jiƙa ta da tsamiya, ta bi da toka. Yatsunta suka ji gurje-gurje a gefen barewa, ta ce dauɗa ce ta daskare. Sai ta ɗauko dutsen goge kaushi. Kullum bayan azahar tana gindin bishiyar dogonyaro tana gurza, har abin ya yi sumul kamar kan mijina.

Ran kasuwa ta miƙa wa Marwan tana murmushi. Ya daɗe yana kallo.

"Inna, ina barewar?"

"Tana ciki. Wanka na yi mata."

"Ƙahon ake saye. Yanzu ko biyu babu."

Hashimu ya zauna a ƙasa. Ita ta karɓi abinta, ta kai dab da ido, ta juya ta wajen rana. Ba ta ga komai ba sai ƙyalli.

"Kai ka ce babu," in ji ta. "Ni da ina gani, ai da ba na neman kuɗinka."

Marwan ya yi sallama, ya hau motar garin Kance. Aikin ido ya koma sai an cire gyaɗa, in ta yi. Haihuwa biyu aka yi a unguwar makon nan, ba a aiko mata ba. Ta ji guɗa daga inda take zaune, ina gefenta, ta tambaye ni ko gidan wa ne.