Lambun Bayan Asibiti

Yayana ya dawo daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, da lafiyar jikinsa, amma da wata taba da ba mu san ta ba a Bauchi. Wiwi ake ce mata. Da fari dariya kawai take sa shi. Bayan 'yan shekaru ya daina zuwa gonarmu ta Miri, ya sayar da shanun da Baffa ya bar mana, ya koma kwana a tasha.

Ni na yi ta yawo da shi, don Inna ta tsufa. Ya sha rubutu, an yi masa turare, wani mai magani har mari ya sa masa a ƙafa. Ranar da aka kwance shi, tasha ya nufa.

Sai aka kawo wani likita ɗan Kudu asibitin gari. Hausarsa ba ta nuna ba, ina mace amma "kai" yake ce mini. Ya ce bincike yake yi, yana so ya gane ko aiki da hira za su yi abin da ɗauri ya kasa. Ya tara masu irin wannan lalura, har da yayana, a wani lambu bayan asibitin. Da safe su yi ban ruwan albasa, da yamma ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Yaya, me yake ba ku?"

Ya ce, "Ɗan maganin barci, sauran duk tambaya ce. Kafin shi ba wanda ya taɓa tambaya ta abin da na gani a Bama."

Ya yi ƙiba, ya koma sallah a kan lokaci. Inna har ta fara zancen nema masa mata.

Ana cikin hidimar samun 'yancin kai aka ɗauke likitan zuwa wani gari, bai gama binciken ba. Na je wurin wanda ya gaje shi, na yini a kan benci kafin ya gan ni.

Ya ce, "Baiwar Allah, wannan ba ciwo ba ne, iskanci ne. Ki kai shi wajen 'yan doka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya samu sauƙi fa. Ka fito ka gan shi."

Bai fito ba. Aka rufe lambun. Kafin damina yayana ya koma tasha, a can kuma ya rasu bayan wasu shekaru.

Har yau in na ji a rediyo wai za a fara bincike kan maganin shaye-shaye, raina ɓaci yake yi. An fara shi tuntuni a gaban idona, aka watsar.