Sukurun da Baba Ya Ɗaure

Duk layin masu ɗinki babu wanda ya riƙe sunan da iyayen Gwani suka raɗa masa. Gwani kowa yake ce masa, shi kuma bai taɓa cewa an yi masa yawa ba. Shekara talatin da huɗu ya yi a kujera ɗaya, a bakin ƙofar shagon da mahaifinsu ya bari, yana yi wa wuyan riguna da hannayensu ado da keke. Aikinsa siriri ne, lafiyayye, in ka shafa da yatsa da ƙyar za ka ji inda yadi ya ƙare zare ya fara. In mai kaya ya zo karɓa, Gwani ba ya miƙa masa riga haka kawai. Sai ya juya cikinta waje ya ce, “Duba bayan tukuna. Gaba kowa ya iya ƙawata ta, a baya ake gane maɗinki.” Mutum ya duba ya jinjina kai, shi kuma ya kawar da fuska kamar yabon bai dame shi ba, alhali da shi yake kwana, da shi yake tashi.

Keken da yake takawa na marigayi mahaifinsu ne. A ƙarƙashin allurarsa akwai ƙoshiya, wato ɗan gidan ƙarfen da kwarkwaron zaren ƙasa yake zama a ciki, a jikinta kuma akwai wani ɗan sukuru da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shi ne yake matse zaren ƙasa ko ya sassauta shi. Gwani ya sha gaya wa duk wanda ya zauna a bencin shagon cewa Baba ne ya ɗaure sukurun nan da hannunsa, kuma shekara goma sha shida ke nan da rasuwarsa ba a sake taɓa shi ba. A wajensa nan albarkar take, kuma shi aka bar wa, ba wani ba.

Wanin da ake nufi yana can ƙuryar shago, kusa da taga. Auta ne, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. Furfura ta riga ta ci rabin gemunsa, yana da jika ma, amma har yau Auta ne, kuma har yau shi yake riga kowa zuwa ya buɗe shago, ya share, ya ɗiga wa kekuna mai. Kafin Gwani ya iso da lemarsa a hammata an gama komai. Aikin Auta shi ne haɗa riguna, kalmasa, da sa aljihu. In aikin ado ya yi wa Gwani yawa, sai ya cilla masa wanda ba shi da wuya. Haka suka zauna shekara da shekaru lafiya lau, don kuwa kowa ya san wurinsa, musamman Auta.

Mai sayar da labule na ƙarshen layi ne ya jawo abin. Zai tashi daga shagonsa, ya kawo musu buhun ragowar zare, irin mai kaurin nan mai sheƙi da ake yi wa labule geza da shi. Gwani ya ɗaga guda ya auna shi da kafar allura, ya mayar cikin buhu ya ce wannan igiya ce, a ba masu shanya. Auta ya ja buhun ya tura ƙarƙashin teburinsa.

Tun daga ranar, duk lokacin da aiki ya lafa, sai a ji keken Auta yana tafiya a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Tunda zaren ba ya shiga allura, sai ya naɗa shi da hannu a kwarkwaro ya sa shi a ƙasa, allura kuma ya bar mata siririn zarenta. Zaren ƙasa kuwa a ƙarƙashin yadi yake fitowa, don haka dole ya kife ƙyallen, fuska ƙasa, ya zana furensa da alli a baya, ya bi zanen bai ga abin da yake fitowa ba. Farkon abin ban dariya ne. Ya ɗaga ƙyalle sai ka ga zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Gwani ya samu abin yi.

“Auta, yau kuma me aka haifa?”

“Ban sani ba tukuna, Yaya. Sai na juya.”

“Ka ji ɗinkin makafi. Mutum da idonsa biyu, ya kife aiki yana lalube.”

Masu zaman benci su yi dariya, Auta ma ya taya su. Ya kusa wata biyar yana ɓata ƙyallaye. Wani zaren ya karye, wani ya maƙale, wani ya ƙare a tsakiyar ganye don kwarkwaro ba ya cin mai yawa. Ya gwada mai murɗi, ya gwada mai laushi, ya tsawaita takun allura, ya rage gudu. Ran nan ya juya wani baƙin ƙyalle. Reshe ne da ganye bakwai, ya taso a kan yadin ɓul-ɓul kamar an ɗora shi da hannu, haske yana bin kowane lanƙwasa. Gwani ya kalla sau ɗaya ya ce, “Wanki biyu zai warware.” Bai warware ba. Auta ya wanke shi sau shida ya rataye a ƙusa kusa da taga.

Daga nan mata suka fara wuce Gwani. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, don a bakin ƙofa yake, dole ta gabansa za a bi. Mace ta shigo ta gaishe shi da ladabi, “Gwani, ina wuni, ya aiki,” ta ɗan karkace ta wuce da ledar yadinta zuwa ƙurya. Har da waɗanda shi ya yi wa iyayensu ɗinki. Ba aiki ya rasa ba, teburinsa a cike yake, amma kishi ba ya duba cikar tebur. Ya koma ƙirga ƙafafun da suka wuce shi. A gida ya ce wa matarsa yayi ne, zai wuce. Ta ce to Allah ya sa ya wuce da ɓacin ran nan ma, don yara sun fara tsoron gaishe shi.

Gwani yana da ’ya ɗaya mace a cikin maza huɗu, tana karatun jinya, shi kuma tun tana aji ɗaya yake ce mata Likita. Tun rigar da aka fito da ita daga asibiti har zuwa yau, ba ta taɓa sa ado a jikinta ba sai na hannunsa. Saura kwana tara bikin kammala karatunsu ta shigo shago da yadi ruwan sararin sama, ta zauna a bencin kusa da shi tana murza bakin leda.

“Baba, kai za ka ɗinka min. Amma adon ƙirjin, da ma Baffa ya yi min irin nasa mai tasowa.”

Keken Auta ya tsaya a ƙurya. Gwani ya ji kamar an taka masa yatsa da ƙafar tebur. Ya karɓi ledar ya sa a ƙarƙashin nasa teburin.

“Mai tasowa kike so? Za ki samu. Ni zan yi.”

“Baba, ka iya?”

“Wa ya koya wa Baffan naki riƙe almakashi?”

Ta gaishe da baffanta daga nesa, ta tafi.

Tambaya ɗaya ce tsakaninsa da sanin aikin, kuma mai amsar yana zaune taku huɗu daga gare shi. Amma Gwani ya gwammace ya haɗiye allura da ya ce “Auta, nuna min.” Ai wata biyar yana kallo ta wutsiyar ido, me ya rage? Ya jira ranar da Auta ya raka matarsa awon ido da hantsi. Ya leƙa wurin mai gyaran agogo da ke maƙwabtaka da su ya ari ɗan sukundireba na murɗa sukuru, ya ce tabaransa ne ya kwance. Ya dawo ya ɗebi zare a buhun da ya ce a ba masu shanya, ya naɗa a kwarkwaro, ya zura a ƙoshiyar Baba. Zaren ya ƙi wucewa. Ya daɗe yana kallon ɗan sukurun. Sannan ya ce Allah ya jiƙan Baba, ya murɗa.

Abin da wutsiyar ido ba ta nuna masa ba shi ne Auta ƙoshiya biyu gare shi, ɗaya ta aikin yau da kullum, ɗaya ta zare mai kauri da ya ɗiga wa jan fenti. Gwani tasa ɗaya ce tal. Ya murɗa, ya gwada, ya juya ƙyalle, sheƙar tsuntsu. Ya ƙara murɗawa, ya sake gwadawa, wata sheƙar. Da ya ga rana ta take, Auta ya kusa dawowa, sai ya cire zaren ya ce bari ya mayar da sukuru inda yake. A nan ido ya raina fata, don bai ƙirga murɗi nawa ya yi ba. Ya matse, zaren ƙasa ya ja yadi ya tattare. Ya sassauta, baya ya fito da madaukai kamar tawul. Garin neman gira ya rasa ido.

Kwana biyu ya yi yana ɓoye abin. Ya ce kansa ke ciwo, ya ce zaren bana ba shi da kyau. Wani tsohon mai kaya ya zo karɓar riga, ya kama zai juya ta da kansa kamar yadda aka saba masa, Gwani ya fizge ya ce ba a gama ba. A rana ta uku, bayan masu benci sun watse, Auta ya taso ya tsaya a kansa.

“Yaya, kekenka kukansa ya canja. Ba ni ƙoshiyar in gani.”

Gwani ya zaro ta ya ajiye a tebur. Auta ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da nasa ɗan sukundireban, wanda ƙotarsa ta sha hannu har ta yi santsi. Ya kama bakin zaren ya bar ƙoshiyar tana lilo, ya ɗan girgiza, ta zame ƙasa da yawa. Ya murɗa kaɗan, ya sake girgizawa, ta sauka kamar faɗin yatsa biyu ta tsaya. Ya mayar da ita. Gwani ya taka keke a kan ƙyalle, ya juya baya. Ɗinkinsa ne ya dawo, wanda ya sani, sumul. Duka abin bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba, kuma saurin nan ne ya fi ba shi haushi.

“Ina ka san inda Baba ya ajiye shi?”

Auta ya sosa gemu. “Yaya, sukuru ne fa. Keke na girgiza shi kullum, yana kwancewa da kansa. Duk farkon wata nake ɗaure maka in na zo shara.”

“Tun yaushe?”

“Tun Baba yana kwance. Shi ya nuna min. Ya ce kai hannunka na sama ne, kada a dame ka da na ƙasa.”

Gwani ya so ya yi faɗa, ya rasa ta inda zai kama. Shekara goma sha shida yana juya wa mutane bayan riga, ashe rabin abin da suke jinjina wa kai daga aljihun Auta yake fitowa. Ba ma wannan ne ya fi ƙona shi ba. Baba ya kira Auta gefen gado ya nuna masa wani abu, shi kuma yana bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa.

Auta ya koma ƙurya ya dawo da ƙoshiya mai jan fenti, ya ajiye a gabansa. “Saura kwana huɗu. Ka kife yadin, ka bi allinka a hankali, kada ka ɗaga sai kwarkwaro ya ƙare. Bakin zaren kuma ba a yanke shi, da allurar hannu ake jan shi ciki.”

Ya yi. Kwana uku yana ɗinkin makafi a bakin ƙofa, kowa na wucewa yana gani. Ba abin da ya fi ba shi wuya kamar hana hannunsa ɗaga yadi ya leƙa. Amma shekara talatin da huɗu ba wasa ba ce, layinsa bai kauce wa alli ko sau ɗaya ba. Da ya juya rigar, reshen ya hau daga ƙirji zuwa kafaɗa, ya fi na jikin ƙusa tsabta nesa ba kusa ba. Auta da kansa ya faɗa. Gwani ya ji daɗi, kuma ya ji haushin cewa daga bakin Auta yake jiran ji.

Ranar bikin, a farfajiyar makaranta, Likita tana tsaye tsakanin ƙawayenta, wata malamarsu ta matso ta shafa ganyen kafaɗarta.

“Wannan aikin Auta ne, ko? Na gane hannun.”

“A’a, Malama, babana ne ya yi. Ga shi nan.”

Malamar ta juyo ta dube shi da fara’a. “Sannu da ƙoƙari, Baba. Lallai Auta ya iya koyarwa.”

Hannun Gwani ya ɗaga da kansa zai kama bakin rigar ya ce a duba bayan, inda siririn zarensa ya jeru ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tuna rigar a jikin mutum take. Ya mayar da hannun ya riƙe lemarsa, ya ce, “Madalla.”

Da wata ya kama, ya fito da wuri da niyyar ya riga kowa zuwa, da sabon sukundireba a aljihu. Tun daga nesa ya hango ƙofa a buɗe. Auta yana durƙushe a gaban keken Baba, ƙoshiya tana lilo a hannunsa. Gwani ya tsaya a bakin shagon mai agogo yana duba agogunan da ba zai saya ba, har ya ji ƙarar an mayar da ita. Sannan ya shiga, ya rataye lema, ya shafa tebur da yatsa ya ce sharar yau ba ta fita ba.