Dutsen da Na Hau Bayan Rasuwar Yaya

Wasiƙar ta same ni ranar Talata, a gidan da nake haya a unguwar Camberwell a London. Na dawo daga makaranta ke nan na tsince ta a bakin ƙofa. Rubutun kawuna ne. Bayan doguwar gaisuwa, ya ce yayana ya rasu a hanyar Zariya zuwa Kaduna, motarsa ta yi karo da tirela, an yi jana'izarsa a ranar. Ya ce in yi haƙuri, kada in taso, in gama abin da ya kai ni. Na duba hatimin gidan waya, na ga kwana tara wasiƙar ta yi a hanya.

Na karanta sau biyu a tsaye. Na yi salati, na ce daga Allah muke gare shi za mu koma, domin abin da ake faɗa ke nan. Sannan na hau sama, na ɗora ruwan shayi, na wanke safata na shanya a kan hitar ɗumama ɗaki.

A shekarun nan kuɗin mai ya shigo, gwamnati tana ta tura ma'aikata kwas ƙasashen waje. Ni ma haka aka turo ni wata makaranta a Aldwych, in karanta harkar mulki. Yaya kuwa malamin sakandare ne. Da aka yi ƙarin albashi ya sayi mota kamar yadda kowa ya saya. Da ita ya kai ni filin jirgi, ko ledar kujerun bai cire ba.

Gidan na wani likita ne, dattijo mutumin Katsina, wanda ya daɗe yana aiki a babban asibitin unguwar. Shi da iyalinsa suna ƙasa, ni ina ɗaki ɗaya a sama. Ban gaya masa ba. Ba wai na yi niyyar ɓoyewa ba ne. In muka haɗu a matakala sai in ji na gaishe shi na wuce. Laraba na je aji, na yi rubutu shafi huɗu, na ci abinci, na hau bas na dawo.

Akwai wani ɗan Kanada a ajinmu, dogo mai jan gemu, ma'aikacin gandun daji a ƙasarsu. Tun kafin Kirsimeti yake damuna in raka shi Scotland mu hau wani dutse a cikin ƙanƙara, na kuwa amsa masa tun tuni don ya ƙyale ni. Ranar Alhamis ya nuna mini tikiti biyu na jirgin ƙasa. Na ce to.

Da safiyar Juma'a Likita ya gan ni da jaka.

"Malam, ina zuwa da sanyin nan?"

"Scotland, ranka ya daɗe. Mun riga mun sayi tikiti."

Ya dubi ƙafata. "Da wannan takalmin ofis ɗin?"

Ya shiga ciki ya fito da manyan takalmansa da safar ulu ƙafa biyu. "Ungo. Ka dawo mini da yatsunka goma cif, ba na son aiki a gida." Ya yi dariya, na taya shi.

Yini guda muka yi a jirgi, muka kwana a gidan wani manomi. Da gari ya waye abokina ya kwance ƙunshin da ya yi ta rungumewa tun daga London. Wasu takalma ne da ya zo da su daga ƙasarsu: katako aka lanƙwasa kamar dogon faifai, aka saƙe tsakiyar da tsirkiyar fata. Ɗaure su ake yi a ƙarƙashin takalmi, su hana mutum nutsewa a dusar ƙanƙara. Ya durƙusa ya ɗaura mini, ya ce in riƙa buɗa ƙafa kada in taka ɗaya da ɗaya. Taku biyar na yi na kifa. Na tashi, na sake kifawa. A karo na uku ƙafar ta gane.

Da farko mun bi shingen tumaki. Da shingen ya ƙare sai hanya ta ƙare, ba sawun mutum ba na dabba. Abokina ya fito da taswira da kamfas mai nuna gabas da yamma, ya nuna wani wuri da ban ga bambancinsa da sauran ba, ya ce can za mu. Yana gaba yana fasa dusar, ina bin sawunsa. Ba abin da nake ji sai ƙurus-ƙurus ɗin takalman da numfashina.

Na yi ƙoƙarin in tuna fuskar Yaya. Ta ƙi zuwa. Ƙeyarsa kawai nake gani, da yadda yake tuƙi ya matso da ƙirji kusa da sitiyari. Na bar ƙoƙarin, na koma kallon duga-dugan abokina.

Wajen hantsi ƙasa ta burme da ni. Ashe wani ƙaramin rafi ne dusar ta rufe. Na nutse har ƙugu, ruwa ya shiga takalmin hagu. Ya kwanta a kan cikinsa ya miƙo mini sanda, ya jawo ni da ƙyar, duk ya firgita. Ya sa na cire safar na sauya, yana ta murza mini ƙafa da hannu biyu, yana tambaya ko mu koma. Na ce a'a. Ba jarumta ba ce. Komawa da ci gaba duk ɗaya suke a wurina.

Daga nan gajimare ya sauko ya rufe mu. Sama fari, ƙasa fari, ban san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba. Iska tana watsa mana ƙanƙara a fuska kamar tsakuwa. Can sai ya tsaya a gaban wani tarin duwatsu da bai wuce ƙirjina ba, ya bugi kafaɗata, ya ce mun iso ƙolin dutsen. Ya yi ta ba ni haƙuri, wai da gari a buɗe yake da har teku zan hango.

Agogona ya nuna azahar ta yi. Na share wani dutse na yi taimama, na roƙe shi ya duba mini alƙibla a kamfas ɗinsa. Na kwance takalman faifan nan na shimfiɗa jakata, na yi salla, goshina yana shiga dusar. Na ɗaga hannu na yi wa Yaya addu'a. Kalmomin sun fito daidai, ba wanda na manta, amma kamar wani nake ji yana karantawa.

Abokina ya zuba mini shayi a murfin fulas.

Na ce, "Yayana ya rasu."

Ya tsaya da fulas ɗin a hannu. "Yaushe?"

"An kusa sati biyu. Ranar Talata na ji."

"Kuma ka biyo ni nan?"

"Ai na riga na ce zan zo."

Ya cire hularsa ya riƙe, iska tana wasa da gashinsa, har na ce masa ya mayar kada ya yi mura. Muka sauko. A hanya ya riƙa waiwayowa fiye da ɗazu.

Ranar Lahadi da yamma na iso gida. Na kai wa Likita takalmansa, na haɗa da wasiƙar na miƙa masa, don ban san ta inda zan fara ba. Ya karanta a tsaye a bakin ƙofa. Ya ɗago ya dube ni.

"Haba Malam. Muna gida ɗaya?"

Na sunkuyar da kai.

Ya kama hannuna ya ja ni falo, ya kira matarsa. Washegari ya yi ta buga waya, mutanenmu suka zo daga Peckham har da Dagenham, ɗalibai da ma'aikata, falon ya cika. Aka yi addu'a, kowa ya zo ya ce Allah ya jiƙansa, na ce amin. Matar Likita ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, na cinye kwanona tas, ta ƙara mini.

Ranar Laraba na zauna na rubuta wa mahaifiyarmu. Layi shida na iya yi. Cinyoyina suna ciwo, da bin bango na sauka matakala na kai wasiƙar gidan waya, daga can na tari bas ɗin Aldwych.