Tsohon Kuku da Kifin Madam

A layin famfon Zango, inda mu mata muke rabon ruwa da faɗa, yau ga wani tsoho cikin farar rigar kuku da ta gaji da wanki. Ban san sunansa ba. Ya rungume wata ƙatuwar kwalba a ƙirji. A ɗan ruwan da ke ciki akwai macen kifi, ba ta kai ɗan yatsa ba, cikinta ya kumbura.

"Baba, miya za a yi da ita?" in ji maƙwabciyata Kellu.

"Haihuwa take, 'yata. Irinsu ba sa ƙwai. In na bar ta ita kaɗai, cinye 'ya'yan za ta yi."

Ko kallonmu ba ya yi. Da ɗa ya fito, sai ya kwashe shi da cokali ya zuba a kofi.

Wai Madam ɗinsa, Baturiyar da yake yi wa girki, ita ce ta bar masa amana kafin ta dawo. Ta dawo ina? Kwamanda ma, Baturen mulkin garin, ya ɗaure kayansa, an ce ƙasa ta zama tamu. Ina jin ko sallama ba a yi masa ba, an dai bar shi da rainon kifi a garin da ruwan sha ke gagarar mutane. Wannan wane irin rashin ta ido ne?

Kafin layi ya zo kansa, famfo ya ɗauke. Ana kiran azahar. Tsohon ya dubi butarsa, ya dubi kwalbar, ya juye mata ruwan alwalarsa kaf. Ga shi can ya durƙusa ya dafa ƙasa, yana taimama.