Tsohuwar da Ke Shafin Ƙarshe

Rannan da safe jikata ta sayo mini ƙosai, aka yi dace mai suyar ta naɗe shi a takarda maimakon leda. Ina buɗewa ƙamshin man gyaɗa da ya jiƙa tsohuwar takarda ya buge ni, sai na ajiye, na kasa ci. In kai ɗan yanzu ne ba lallai ka gane ba. Haka ɗakin kakata yake ƙamshi a Jibiya, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan, kowa yana sauri kamar an biyo shi.

Kaka ita ta haifi babanmu. Sana'arta matsar mai da ƙuli-ƙuli, da safe kuma ta soya ƙosai a ƙofar gida. Babanmu ne babban ɗanta, shi ke noma gonakinmu na wajen Riko. Mai bi masa, Baffa, direban babbar mota ne tsakanin Maraɗi da Kano. Sai autanta, wanda ya jefar da fartanya wata shekara da gyaɗa ta ƙi, ya hau mota zuwa Ikko, wai ana ɗaukar ma'aikata a bakin ruwa inda jirage ke sauke siminti. Da farko yakan aiko da gaisuwa ta bakin direbobi. Daga baya gaisuwar ta riƙa yin nisa, har ta ɗauke.

Baffa ne ke kawo wa Kaka takardun naɗe ƙosai, dami-dami, daga kasuwar Maraɗi. A cikinsu aka fara tsintar waɗansu ƙananan littattafai na zane. An yanka kowane shafi gida-gida, kowane gida da mutanensa, wani farin kumfa yana fitowa daga bakinsu cike da rubutun Faransanci. Ba mai jin Faransanci a gidanmu sai Baffa, shi ma ɗan abin da ya tsinta ne a bakin jandarma da ma'aikatan duwan, wato 'yan sanda da kwastan na ƙetaren iyaka. Kaka kuwa ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba. Amma ranar da ta ga an kusa naɗe wa wani ƙosai da fuskar mutum, sai ta karɓe takardar, ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana dubawa. Daga ranar ta hana a taɓa su. Tana tara su a ƙarƙashin tabarmar gadonta, ba ta damu da wanda ya rasa bango ko wanda mai ya ɓata ba.

Mutum ɗaya ne a cikinsu duka, wani dogon Bature mai doguwar riga da tabo a kunci. Kaka ta sa masa suna Mai Tabo. Bayan la'asar, idan an gama matsa, hannuwa sun huta, sai mu zauna a gindin dalbejiyar tsakar gida, ni a jikin gwiwarta, matan maƙwabta suna ta shigowa da tsintar wake ko saƙar faifai. Sai ta ɗora yatsa a gidan farko ta fara. Ba ta taɓa tambayar abin da rubutun ya ce ba. Fuska take dubawa, da yadda mutum ya riƙe hannunsa, sai ta gaya mana abin da ke ransa. A bakinta Mai Tabo Hausa yake yi, Hausarmu ta Katsina, har da rantsuwa. Ya ratsa garuruwa, ya yi dambe a saman jirgin ƙasa, an ɗaure shi ya kwance. Matan nan har gardama suke yi a kansa. Wata ta ce ya cika zafin zuciya, wata ta ce ai duniyar ce ta mai da shi haka.

Amma ba don damben Kaka take buɗe su ba. A shafin ƙarshe na kusan kowane littafi, Mai Tabo yakan komo wani gida mai bene, wata tsohuwa mai farin gashi ta buɗe masa ƙofa, ta ajiye masa abinci. A nan yatsan Kaka ke tsayawa. Muryarta ta yi ƙasa. Takan ce, "Kun gani ko? Duk inda ya tahi, wurin uwatai yake komowa." Sai ta rufe littafin, ta aike ni in duba ko motar Kano ta shigo. Ina yarinya, na ɗauka Baffa take jira.

Haka muka ci damina, muka ci girbi. Garin kuwa sai cika yake yi. Layin manyan motoci daga shingen Magama na bakin iyaka har ido ya gaji, direbobi suna kwana a ƙarƙashinsu suna jiran a duba takardu. Kowa ya sayi rediyo. Samari sun daina zancen gona, sai zancen babur da agogo.

Wata ranar kasuwa Baffa ya shigo yana murna, ya ce wani mutumin Maraɗi ya zo da majigi, an kewaye fili da zana a bayan tasha, kuma fim ɗin Mai Tabo za a nuna. Shi kansa, yana motsi, yana magana. Kaka ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce za ta je. Babanmu ya yi tsaye a bakin ɗakinta, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, wurin nan na 'yan tasha ne. Mi mutane za su ce?"

Ta ce, "Su ce tsohuwa ta tahi ganin ɗan wata."

Ana idar da sallar magariba ta yafa mayafinta na zuwa biki, ta ɗora mini 'yar kujerarta a ka, muka bi bayan Baffa.

Ina tuna ƙarar injin wuta, da warin hayaƙinsa, da ƙwari suna yawo a cikin hasken da ke tafiya zuwa farin ƙyalle. Maza sun buɗa wa Kaka hanya, wasu suna dariya ƙasa-ƙasa, wasu suna gaishe ta. Da mutumin ya fito a ƙyallen, wurin ya kaure da tafi da fito. Kaka ta sunkuyo kunnena ta ce, "Wanene wanga?" Na ce ai shi ne. Ta ce ba shi ba ne. Wannan gajere ne, kuma dariya ta yi masa yawa. Tabon ma da ƙyar ake ganinsa. Inda ya rungumi wata mace, Kaka ta ja gefen mayafinta ta rufe mini fuska, har yanzu ina jin ƙamshin turaren da ke jikinsa.

Tsohuwar ta fito sau ɗaya, tun kusa da farko. Ta buɗe ƙofa, ya cire rigarsa ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba, ya wuce yana magana da wani. Kaka ta gyara zama tana jiran a koma kanta. Aka yi ta harbi, motoci suka yi ta kifewa, mutane suna ihu. A ƙarshe ya shiga wata buɗaɗɗiyar mota da budurwar nan, suka bi bakin teku, ƙyallen ya yi fari. Kowa ya tashi yana kaɗe riga. Ita tana zaune. Har mai majigin ya fara naɗe wayoyinsa, ta ce da shi, "Ɗana, saura fa?" Ya ce, "Iya, ai ya ƙare."

Gardamar da ta biyo baya ta daɗe ƙwarai. A teburin mai shayi, a tasha, har a gidan suna, zancen ke nan. Direbobi suka ce fim ya fi, domin ka ji ƙarar bindiga da kunnenka. Wani jandarma da ke tsallakowa sayen mai a wurin Kaka ya ce littafin ya fi, an ɓata masa mutum da wannan gajeren. Kaka ta ƙara masa mai a kwalba saboda wannan magana. A gida kuwa, duk sanda Baffa ya sauka sai sun taɓa. Shi ya ce an yi aiki, ita ta ce an yi ɓarna. Takan ce waɗanda suka yi fim ɗin ba su san shi ba, jin labarinsa kawai suka yi. Mutumin da ba ya komawa gida ba Mai Tabo ba ne, ko da ya ari rigarsa. Da farko abin dariya ne, mu yara har tsokanarsu muke yi.

Sai wata rana cikin bazara, zafi kamar ana gasa mutum, Baffa ya shigo bayan ya yi kwanaki a shinge, kayansa na lalacewa, idonsa ja. Ko ruwa bai gama sha ba Kaka ta ɗauko zancen. Ya ajiye moɗar da ƙarfi ya ce, "Inna, don Allah ki bar maganar nan. A takardar ma ba uwatai ba ce. 'Yar aiki ce. Biyanta yake yi tana share mashi gida. Ga shi nan a rubuce."

Mahaifiyata ta tsaya da taɓarya a hannu. Na ga Baffa ya so ya haɗiye maganar, amma ta riga ta fita. Sai Kaka ta ce, "To shi ba shi da uwa?"

Ya ce, "Ba a faɗa ba, Inna."

Ta ce, "Duk takardun nan, ba a faɗa ba?"

Kaka ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Washegari da safe ta fito da littattafan daga ƙarƙashin tabarma ta ajiye su kusa da kaskon suya, ta ce in yayyage. A cikin 'yan kwanaki mutanen unguwa suka cinye ƙosai a cikinsu. Baffa ya sake kawo mata sababbi masu launi, ya ajiye a bakin ɗakinta, ta yi masa godiya, ba ta buɗe ba. Zaman la'asar ya watse da kansa. Matan suka koma gidan da aka sayi rediyo mai kaset.

Autanta ya zo, kada ka ce bai zo ba. Wata babbar salla ya shigo da mota tasa ta kansa, ya kawo mata bargo da atamfa da fitila mai batir. Ya durƙusa a gabanta har ya yi hawaye, ba mugun mutum ba ne. Amma yana da mata da 'ya'ya a can da ba mu taɓa gani ba, da aiki da ba ya jira. Kwana ɗaya ya yi. Ta raka shi har bakin titi, ta sa masa albarka, ta komo ta hura wuta. Daminar da ta biyo baya ta rasu, saƙon bai same shi ba sai bayan an yi addu'ar bakwai.

Yau jikokina ma irin wannan gardamar suke yi, sai dai kowa a cikin wayarsa, da mutanen da bai taɓa gani ba. Suna ɗaki ɗaya, ba mai duban ɗan'uwansa. Wannan ya ce an canza wa jarumi riga, wancan ya ce an cire wani daga labarin, har su yi fushi su ƙi cin abinci. Wani lokaci su ce in raba musu. Nakan ce na gaji, kuma gaskiya ce. Iyakar ma yau a rufe gobe a buɗe, hanyar gonakinmu ba mai bin ta da kwanciyar hankali, gidan da na tashi a ciki an mai da shi shaguna.

Nawa ɗan yana wata ƙasa mai nisa. Ran Juma'a yakan kira ni ta waya mai hoto. Ina ganin fuskarsa sarai, ina jin muryarsa, ina ganin sanda idonsa ya koma kan wani abu a gefe, ya ce, "Hajiya, bari in je, ana jirana." Ba sai na ƙaga komai ba, ga shi nan duka a gabana. Ana cewa mu mun fi mutanen da sa'a. Nakan ce to, Allah ya tsare, in riƙe wayar a tafin hannuna har haskenta ya mutu.