Neman Duhu a Bakura

Mun bar Talata Mafara ƙarfe biyar da rabi, bayan Asuba, ni da maƙwabcina Malam Bashiru, malamin sakandare. Yana son ɗaukar hoton wani jan hayaƙi can cikin taurari, kusa da Kaza da 'Ya'yanta, wanda ido ba ya gani. Sai da duhu sosai, kuma dare guda ya rage masa kafin a koma makaranta. Garin Maradun Malam ya so mu je, rashin tsaron hanya ya hana. Ni da na tsaya aji uku na ce duhu fannina ne, mu tafi ƙauyen surukina Alhaji Mani, bayan Bakura.

Hanya

A shingen bincike, jami'i ya ga madubin hangen nesan Malam, dogo kamar bututun bindiga, ya dube ni.

"Baba, mi na wanga?"

"Na kallon sama na, ranka shi daɗe."

Ya leƙa, bai ga komai ba, don murfin na rufe. Ya ce mu wuce.

Bakura

Takwas saura kwata muka sauka tasha, muka sha kunu da ƙosai, muka hau babura biyu. Alhaji Mani ya tarbe mu da gaisuwa mai tsawo da 'yar shinkafar Bakolori.

Bayan Magariba Malam ya kafa na'urarsa bayan gida. Sai muka ji janareto ya tashi. Alhaji ya aro shi daga ƙauye na gaba, da ƙwan lantarki shida, don kada baƙin birni su kwana cikin duhu.

Suruki ba a ce masa ya kashe karamcinsa. Na zagaya kamar mai neman wurin alwala, na murɗe makunnin mai. Janareto ya yi tari ya mutu. Alhaji ya kwana yana ba mu haƙuri.

Malam ya yi awa biyar yana ɗauka. Da safe na gaya masa jarumtata.

"Kai, Baba Ɗanjuma! Ai gilashin da na saka jan hasken hayaƙin kaɗai yake bari ya shiga. Ƙwan Alhaji na bayan katanga, ba abin da zai yi mini."

Gida

Mun iso Mafara sha ɗaya, lafiya, alhamdu lillahi. Hoto ya fito, ja wur. Matata ta ce kamar manja ya zube a tabarma.

Ina godiya ga Alhaji Mani, wanda har yau ba ya gaisawa da mai janareton, wai ya ara masa lalatacce.